Alwala a Bakin Bututu

Ranar da aka fara jifan gidan mai rini, yamma ce irin ta kullum. Rana ta yi ja ta kwanta a bayan tankin ruwan da ke saman bene. Matar gidan tana kicin tana juya tukunya, autarsu kuma, yarinya 'yar shekara goma sha shida, tana zaune a baranda da littafin makaranta a cinya, rabin hankalinta a karatu, rabi a waya. Maigidan ya shigo ke nan daga masana'antarsa, ko zama bai yi ba. Shi dama zama bai taɓa karɓarsa ba. Ma'aikatansa sun laƙaba masa suna Yanzu-Yanzu, domin duk abin da ya ce a yi da wannan kalmar yake rufe baki, kuma sunan ya biyo shi har gida, har matarsa in ta so tsokana da shi take kiransa.

Yana cikin cire takalmi sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rumfar mota, ƙau! Ya ɗaga kai ya yi tsaki, ya ce 'ya'yan maƙwabta ne, iyayensu sun sake su kamar awaki. Bai rufe baki ba na biyu ya sauko, na uku ya biyo, ya gangaro daga kwanon ya tsaya daidai gaban ƙafarsa. Daga nan unguwar ta yi tsit, tsit ɗin da ko kukan tsuntsu babu a ciki.

Ya sunkuya ya ɗauka. Dutse ne ɗan ƙarami, sumul, irin wanda ruwa ya daɗe yana gogewa. A jiƙe yake, ga sanyi. Da ya buɗe tafin hannunsa sai ya ga ya yi shuɗi, kuma ba kowane shuɗi ba. Shekara ashirin yana harkar rini, ya san launi kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Wannan shuɗin shi ya haɗa shi da hannunsa wata biyu da suka wuce.

"Abba, mene ne?" in ji Auta.

"Ba komai, Uwata. Shiga ciki, magariba ta yi."

Ya jefa dutsen a aljihu, ya je ya wanke hannu har sau uku, amma launin bai fita duka ba.

To, bari a faɗi abin da ya sani wanda mutanen gidansa ba su sani ba. Masana'antar tasa tana can bakin gari, bayanta rafi ne da ke gangarawa ya ratsa unguwar talakawa ta ƙasa. Da baho biyu ya fara, shi da hannuwansa, har Allah ya ɗaga shi ya sayi injina, yau mutum sittin ke ci a ƙarƙashinsa. Ba mugu ba ne, wannan kowa zai shaida. Bai taɓa riƙe haƙƙin ma'aikaci ba, kuma in matar wani ta haihu shi ne farkon zuwa barka. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya jira.

Ruwan rini kuwa sai da jira. In ya fito daga injin yana da zafi da wari da launi, sai a zuba shi a tanki na farko a sa masa farar ƙasa da maganin da ke kwantar da datti, ya kwana. Washegari a tsiyaye shi zuwa na biyu, ya kwana. Sai ya bi ta yashi da gawayi ya shiga na uku, ya huce, ya washe, sannan a sake shi rafi. Wani tsoho ne ke kula da wannan aikin, ana ce masa Baba Mai Tanki, mutumin da bai taɓa gaggawa ba ko da gobara ake yi.

Sai ga wata babbar kwangila ta faɗo, rinin yadin kayan makaranta, shuɗi, dubban yaduka, kuma an yanka masa rana. Injina suka koma aiki ba tsayawa, ruwa ya yi wa tankuna yawa, na farko bai kwana ba wani ya iso. Yanzu-Yanzu ya tsaya a kansu yana kaɗa makullin mota, ya ce a jona bututu daga injin kai tsaye zuwa bayan katanga. Aka sa masa wani ƙarfe mai kama da sitiyari da ake murɗawa a buɗe. Ya ce a riƙa buɗewa da magariba, lokacin da masu duba tsafta sun tashi daga aiki, duhu kuma ya fara rufe launin ruwa.

Baba Mai Tanki ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai masu sha a ƙasa fa."

"Rafi ne, Baba, tafiya yake yi. Kafin gari ya waye ya wanke kansa. Wata biyu ne kawai."

"To," in ji tsohon. Irin "to" ɗin nan ce da ba amincewa a cikinta, amma mai sauri ba ya tsayawa sauraron irinta.

Jifa ya ci gaba. Kullum da zarar ladan ya ɗaga murya, duwatsu uku, ba ƙari ba ragi. Aka sa mai gadi ya zagaya, bai ga kowa ba. Aka hau bene aka leƙa gidajen maƙwabta, kowa yana harkar gabansa. Matar gidan ta fara tattara duwatsun a wani tsohon kwano tana kallonsu tana kallon mijinta. Shi kuwa ya lura da abin da bai gaya wa kowa ba: daidai lokacin da ake murɗa ƙarfen can a masana'anta, daidai lokacin dutsen farko ke sauka a nan. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shiga ɗaki ya fito, ya kunna talabijin ya kashe, ya ɗauki waya ya ajiye. Abinci ma a tsaye yake cinsa, loma biyu ya ture.

A rana ta bakwai jifa ya tsaya, sai famfo ya karɓa. Matar tana wanke kwanuka da yamma ta ji tari yana fitowa daga cikin bututun bango, tarin ƙaramin yaro, busasshe, mai ja har ƙirji. Ta rufe famfon, tarin bai tsaya ba. A bayansa akwai wata murya ƙasa-ƙasa, kamar ta mace tana rarrashi. Ta fito da gudu hannunta duk kumfa, ta ce, "Abban Auta, zo ka ji." Ya zo ya kara kunne, ya ji sarai, ya ce iska ce ta shiga bututu, gobe zai kira mai gyara.

Washegari da yamma Auta ta dawo daga makaranta da ƙishirwa, ta buɗe firij ta tsiyaya ruwa a kofin gilashi. Ruwa garau. Tana kai shi baki ya rine ya zama shuɗi, wani wari mai hawa kai ya tashi. Ta saki kofin ya tarwatse. Uwarta ta ɗebo wani daga famfo, ta kurɓa da kanta, lafiya lau, ta miƙa mata. Yana isa leɓen yarinyar ya juya. Aka sayo na roba daga kanti, aka buɗe a gabanta, haka. Aka gwada shayi, aka gwada madara, aka matse lemo. Duk abin da ke da ruwa a jikinsa, in ya kusanci bakinta sai ya zama ruwan rini.

Kwana ɗaya, kwana biyu. Leɓunanta suka tsage, idanunta suka faɗa. Likita ya zo gida ya rataya mata ledar ƙarin ruwa, suna tsaye suna kallo shuɗi ya fara sauka daga saman ledar kamar hayaƙi. Likitan ya fizge allurar da sauri, ya tattara kayansa, ya ja uban gefe ya ce jikin mutum ba ya wuce kwana uku ko huɗu a haka, shi kuma abin da ya gani ba ya cikin karatunsa.

Rana ta uku da hantsi, Auta da ko ɗaga kai ba ta iya yi ta tashi zaune cak a kan gado. Ta dubi ubanta da idanun da ba nata ba, ta yi magana da muryar tsohuwa, a dishe.

"Mai rini. Da daɗi?"

Ta koma ta kwanta kamar an yanke igiya.

Uban ya fice waje, matarsa ta bi shi har bakin mota. Mace ce mai kawaici, shekara ashirin da biyar ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba. Kwanon duwatsun nan ta ɗora a kan motar.

"Ni ba 'yar rini ba ce," in ji ta, "amma ni nake wanke rigunanka. Na san wannan launin. Me ka yi?"

"Aiki nake yi. Mutum sittin..."

"Ban tambaye ka mutum nawa ba. 'Yata guda ɗaya ce a kwance."

Tsoro ya kama shi, da kunya, kuma kunyar ta fi. Da ta ga ba zai yi magana ba ta yafa mayafi ta fice. Akwai wani malami abokin marigayi mahaifinta a unguwar ƙasa, can gefen rafi, wajensa ta nufa.

Bayan la'asar suka iso. Malamin tsoho ne siriri, ba jaka ba tarkace, sai carbi da 'yar buta tasa da ya riƙo. Rigarsa mai dogon hannu ce, har ta rufe masa yatsu. Ya duba yarinyar, ya duba duwatsun, ya shinshina ɗaya. Sannan ya nemi tabarma ya zauna a ƙofar ɗakin ya ce sai magariba.

"Malam, ba za a fara yanzu ba? Yarinyar nan..."

"Mai abin ba ta zo ba tukuna. Zauna, ɗana."

Yanzu-Yanzu ya zauna, ya miƙe, ya je baranda, ya dawo. Inuwar katanga ta yi ta tsawo a tsakar gida a hankali kamar da gangan. Ba wanda ya kunna fitila. Agogon falo kaɗai ke motsi, sai numfashin Auta da ke fita da ƙyar kamar ana jan zare. Da ladan ya kira salla Malam ya yi alwala da ruwan butarsa, ya ja su salla a nan ƙofar ɗaki. Suna sallamewa famfon banɗaki ya buɗe da kansa.

Malam ya sa aka ajiye kofin ruwa a tsakiyar ɗakin. Ya matsa kusa da gadon ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, aya na bin aya. Ɗakin ya yi sanyi, warin rini ya cika shi har ido na yaji. Ruwan kofin ya fara rinewa daga ƙasa. Auta ta yi miƙa, ƙasusuwanta suka yi ƙara, ta tashi zaune ta naɗe ƙafafu irin zaman tsofaffi.

"Ya isa, Malam," in ji muryar. "Abin da kake karantawa ni ma da shi nake salla."

"To, assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salam."

"Wace ce ke, baiwar Allah, kuma daga ina?"

"Daga ƙarƙashin gadar bayan katangarsa. Muna nan tun ba gari. Aka zo aka sare itatuwa, muka matsa. Aka kawo injina masu ƙara dare da rana, muka toshe kunne. Hayaƙi ma mun haƙura, mun ce mutane ne, abinci suke nema. Ruwan da wancan tsohon yake saki bai taɓa cutar da mu ba. Sai wata biyu da suka wuce." Ta juyo da kan yarinyar wajen uban. "Da magariba, lokacin da nake sauko da yara su sha. Tafasasshe ya sako mana. Ƙaramar tawa tana cikin ruwan."

Can cikin bango tarin nan ya sake tashi.

"Kun ji ta. Fatarta ta saɓule, maƙogwaronta ya ƙone, ko ɗigo ba ya wucewa. Mu kuwa kwana hamsin muna taimama a bakin rafi, Malam. Taimama, ga ruwa yana gudu a gabanmu! Na yi jifa ko zai gane. Ya gane sarai, ya sa a aljihu. To, yadda tawa ba ta sha, tasa ma ba za ta sha ba."

Malam ya ce, "An zalunce ki, ban musa ba. Amma yarinyar nan ba ita ta murɗa ƙarfe ba. Kin san hukuncin wanda ya kama marar laifi."

"Tawa ita ta murɗa?"

"A'a. Shi ya sa nake jin kunyar in ga kin yi irin aikinsa."

Sai Malam ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya miƙa su a gaban maigidan. Fatar duk ta yi ja ta farfashe, wani wuri ta yi ɓawo, wani wuri tana ruwa.

"Rijiyar masallacinmu taku ashirin ce daga rafin," in ji shi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ni ma maƙwabcinta ne. Yaran unguwarmu goma sha ɗaya ne ke kwance da ciwon ciki, masu lambu sun bar kabejinsu ya ƙone a tsaye. Ba mu san daga ina ba ne sai yau da na shinshina dutsen nan. Mu ba mu iya jifa daga nesa ba, shi ya sa ba ka ji daga gare mu ba."

Yanzu-Yanzu ya dubi hannuwan nan, ya dubi leɓunan 'yarsa. Ya durƙusa a kan siminti yana kuka irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗa.

"Me kike so?" Malam ya tambaye ta.

"Ya rufe. Ya kwashe injinansa, rafi ya koma yadda yake."

"Na rufe!" in ji uban. "Wallahi na rufe, yanzu-yanzu, a sa kwaɗo, a ƙona wurin ma in ana so!"

"Kai kuma tsaya," in ji Malam. "Wannan saurin naka shi ya tara mu a ɗakin nan." Ya juya ga yarinyar. "Baiwar Allah, gida sittin ke ɗora tukunya da wurin nan, kuma rabinsu a unguwarmu suke. In an rufe, yaran da ke kwance da ciwon ciki za su tashi su tarar da yunwa. Ke da bakinki kin ce shekara da shekaru kuna zaune lafiya da ruwan tsohon. Ba rinin ne ya cuce ki ba, rashin jira ne."

"Zai yi alkawari, na sani. Ya iya alkawari. Akwai takardu a ofishinsa masu hatimi, an rubuta ruwansa lafiyayye ne. Ni ba na shan takarda, Malam."

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Sannan ya ɗago.

"Ke da ni mun san ruwan da ake alwala da shi. Wanda launinsa bai sauya ba, ƙanshinsa bai sauya ba, ɗanɗanonsa bai sauya ba. To, ga sharaɗi. Duk ruwan da zai fita daga katangarsa zuwa rafi, a bakin bututun zai yi alwalar magariba da shi. Ya kurkure baki, ya shaƙa a hanci, ya wanke fuska, ya tsaya gaban Ubangijinsa da wannan alwalar. Ranar da ya ga ba zai iya kai shi baki ba, ranar ba a saki ko ɗigo."

Wata 'yar dariya ta fito daga bakin Auta, busasshiya. "Shi da kansa. Ba tsohon ba, ba wani ma'aikaci ba."

"Shi da kansa."

"Ba wata biyu ba. Muddin injin yana juyawa."

Malam ya dubi maigidan. "Ka ji. Kada ka amsa da sauri. Ka san abin da zai ci maka?"

Ya sani. Kwangilar nan ba za ta kammala a ranarta ba, kuma masu ita ba sa jiran kowa. Duk wata babba da za ta zo nan gaba sai ya auna ta da cikin tankunansa kafin ya karɓa. Wurin da ya yi niyyar kafa sabon injin, tanki na huɗu zai haƙa a ciki. Ya ga duk wannan a fili, ya ji zafinsa har cikin ransa, domin mutum ne mai son ya ga abu yana girma. Karo na farko a rayuwarsa ya yi shiru ya ƙirga numfashi kafin ya yi magana.

"Na ɗauka. Allah ne shaida."

"To, bututunka a buɗe yake yanzu haka," in ji muryar. "Ina jin zafinsa a bayana."

Ya lalubo waya ya kira Baba Mai Tanki. "Baba, rufe shi. A kashe injina duka. Gobe a cire bututun nan a yanka shi gunduwa-gunduwa."

"To, ranka ya daɗe," in ji tsohon, kuma wannan "to" ɗin daban take da waccan.

Suka jira. Minti biyar ne ko goma, amma a wajen uban sun fi shekarun da ya yi yana gina masana'antar tsawo. Famfon banɗaki ya rufe kansa. Tarin da ke cikin bango ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya ɓace. Shuɗin da ke cikin kofin ya fara kwanciya a gindi kamar yadda yake yi a tanki na farko, sannan shi ma ya tafi, ruwa ya koma garau.

"Zan tafi," in ji muryar, a gajiye. "Malam, ka sa tawa a addu'a. Mai rini, ina ƙarƙashin gada kullum da magariba. Zan riƙa ganinka."

Auta ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, nata ne. Uwar ta ɗauko kofin ta kai mata baki, kowa ya riƙe numfashi. Ruwan ya taɓa leɓenta bai sauya ba. Ta kurɓa, ta haɗiye, aka ji wucewarsa a maƙogwaro. Ta riƙe kofin da hannu biyu za ta shanye, Malam ya ce a hankali, kaɗan-kaɗan. Da aka kawo masa abin godiya ya ƙi karɓa, ya ce in ana son a gode masa a yashe rijiyar masallacinsu, a kai yaran unguwa asibiti. Aka yi duka biyun a cikin makon.

Kwangila kam ta tafi. Rabin aikin ya gama, aka ba wani sauran, ya yi kwana uku ba ya son magana. Amma ba a sallami ko mutum ɗaya ba. Waɗanda injinsu ya tsaya aka ba su shebur, suka haƙa tanki na huɗu suna yi masa tsiya a bayan ido. Aka gina ɗan dakali a bayan katanga inda ruwa ke fita, aka ajiye tabarma. Kullum rana na faɗuwa za ka ga mai masana'anta guda ya tuɓe takalmi ya naɗe hannun riga ya tsuguna a bakin bututu, Baba Mai Tanki na tsaye a kansa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da farko ma'aikata leƙe suke yi suna dariya. Daga baya wasu suka fara bin sahu, har wurin ya zama masallacinsu na magariba. Bayan damina ɗaya aka fara ganin ƙananan kifaye a ƙarƙashin gada.

Kada a ce halinsa ya sauya duka, don bai sauya ba. Har yanzu a tsaye yake shan shayi. Bayan shekara guda wata kwangilar ta zo, aiki ya yi yawa, tankuna huɗun suka cika maƙil. Manajansa ya biyo shi har bakin bututu yana cewa in ba a saki ruwan nan yau ba, gobe injina ba za su tashi ba, ga motar masu kaya tana zuwa jibi.

Ya tsuguna ya tara hannu. Ya ɗaga ruwan wajen sauran hasken da ya rage, garau yake, ko kusa da haka. Ya shinshina, ba wari. Ya yi bismilla ya wanke hannu, ya kai baki. Can ƙarshen harshe ya ji wani ɗan ɗaci, kaɗan ƙwarai, irin wanda in mutum ya so zai ce bai ji ba. Ba wanda zai sani. Manaja yana duba agogo. Ƙarƙashin gada ya yi duhu, ba abin da ke motsi a wurin.

Ya tofar a gefe, ya goge baki.

"Baba, rufe. A bar shi ya ƙara kwana."

"Injina fa, ranka ya daɗe?" in ji manajan.

"Su ma su kwana."

Ya aika aka kawo masa buta daga ofis ya yi alwalarsa. Tun daga ranar ma'aikata suka sauya masa suna, suka koma ce masa Sai-Gobe, kuma ya ji, bai hana ba.

Da ya isa gida an idar da salla, kwanon rumfar mota shiru. Auta tana falo, ta buɗe firij ta tsiyaya ruwa a kofin gilashi. Ta ɗaga shi wajen fitila ta duba, kamar yadda take yi kullum tun wancan lokacin, ba ta ma san tana yi ba. Uban yana tsaye a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu. Bai motsa ba sai da ta shanye.